RB5009 ta MikroTik a bakin layi, ga yadda na gan ta

Masu sana'ar hotspot da masu raba intanet a unguwa, in kuna neman rautar da za ta tsaya muku a inda layi ke shigowa daga waje, wallahi RB5009 ta ci kuɗinta. Ƙirar Latbiya ce, tana da ramin waya na gigabit guda 7, ɗaya na 2.5G da SFP+ (ramin da ake yawan saka fiber) na 10G, kuma babu fanka balle ƙara ta dame ka.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne fayawol ɗinta, wato katangar tsaronta, na iya leƙa kan fakiti (header, bayanin da ke gaban kowane ƙunshin data da ke wucewa) ta ga me aka cusa. Kan fakitin IPv4 bayit 20 ne, ana iya ƙara har 40 na wasu umarni, to a nan matsalar take. Akwai source route, wato wanda ya aiko shi ke zaɓa wa fakitin hanyar da zai bi, ka ga kenan mugu zai iya zagaye tsaronka ya faɗa inda ba a ba shi izini ba, sannan record route da timestamp, masu rubuta inda fakitin ya bi da lokacin da ya bi, suna tona masa yadda cikin netwok ɗinka yake. A RouterOS, manhajar da ke tafiyar da rautar, sai ka shiga sashen Raw na fayawol, ka ɗauki prerouting, ka nuna layin WAN (mai shigowa daga waje), ka zaɓi nau'in a ipv4-options ka ce drop, shi kenan an watsar da shi tun kafin na'urar ta wahalar da kanta wajen bin sawunsa. Kundin ƙa'idojin intanet RFC 7126 na 2014 ma shawarar da ya bayar kenan kan source route, a zubar.

Don Allah kar zafin nama ya sa ka zaɓi any (toshe duka umarnin) a ɓangaren LAN, wato cikin netwok ɗinka, domin IGMP da IPTV (talabijin ta intanet) ke dogara da shi da umarnin router alert yake tafiya, kana toshe shi masu kallon IPTV za su fara kiranka. IPv6 ma haka, RH0, wato source route ɗinsa, tun 2007 aka soke shi, amma fragment (gutsattsarin babban fakiti) in ka rufe gaba ɗaya manyan amsoshin DNS, mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, na iya maƙalewa.

Inda take da wuya, sabon shiga zai sha karatu kafin ya gane Winbox, manhajar da ake saita rautar da ita. Kuma kar ka bar ƙofar Winbox (port 8291) a buɗe ta waje, ta Winbox ɗin aka bi aka shige rautoci masu yawa a 2018, ka riƙa sabunta RouterOS akai-akai.