Rikodar Sony ICD-PX470 a Gefen Gadon Majinyaci

Lokacin da mahaifina ya karye a cinya aka ce sai ya yi makonni a kwance, abin da ya fi damunsa shi ne zaman banza tsakanin azahar da la'asar, bayan 'yan dubiya sun watse. A wannan tsakanin ne ya fara ambaton mutanen da ban taɓa jin sunayensu ba, sai na ga cewa in ban yi wani abu ba, labarin zai tafi tare da mai shi. Dalilin da ya sa na sayi wannan rikoda ke nan.

Na'urar ba ta kai tafin hannu ba. Tana aiki da ƙananan batura guda 2, tana da ma'ajiya mai gigabait 4 da gurbin ƙarin kati, kuma kan USB a jikinta yake, ana turo shi waje a soka a kwamfuta ba tare da neman igiya ba. Muryar Baba, wadda jinya ta raunana, ta fito sarai duk da ƙarar fanka.

Amma babban amfaninta a wurina shi ne ba waya ba ce. Da na gwada ɗaukarsa da wayata, kira ya riƙa katse shi, shi kuma ya kame kamar mai magana a gaban alƙali. Rikodar kuwa, da na ajiye ta kusa da matashinsa tare da carbinsa, sai ya manta da ita. A haka ya ba da labarin kakanmu da ya yi fataucin goro har ya zauna a zangon Kumasi, da yadda suka kwaso kaya suka dawo gida a 1969, sa'ad da gwamnatin Busia, firaministan ƙasar a lokacin, ta umarci baƙin da ba su da takardu su bar Ghana. Ya jero salsalarmu har kaka na biyar, ya faɗi iyakokin gona, ya kuma ambaci bashin da ke kansa da wanda yake bi. Wata rana ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, "Kashe ta tukuna, ɗana," domin zancen ya zo kan wani ɗan'uwa da suka ɓata, kuma da yammacin nan ya sa aka kira masa shi.

Wanda zai saya ya sani cewa aikinta ɗaukar murya ne kawai, rubutawa kuwa sai an zauna an saurara. Haka kuma abin da ya shafi wasiyya, wadda shari'a ta taƙaita ga sulusin dukiya, mun rubuta shi a takarda a gaban shaidu. Baba ya miƙe yanzu yana dogara sanda, kuma kowane ɗaki a gidanmu ya karɓi kwafin muryarsa.