Gargaɗi: mai sayar da laftof a Circle ya ci min sidi 3,550, ya haɗa da SSD ɗina

Jama'ar Nima, Mamobi da Sabon Zongo, duk mai niyyar zuwa Circle, kasuwar wayoyi da kwamfutoci ta Accra, sayen tsohuwar laftof ya tsaya ya karanta. Sidi 3,550 wani yaro ya ci min, ya kuma tafi da SSD ɗina, wato faifan ajiyar kwamfuta, mai 512GB da aikin mutane a ciki. Sidi 3,550! Allah ya isa tsakanina da shi.

Katin biki da na suna da fosta nake zanawa, da shi nake ci da iyali. Laftof ɗina ce ta mutu, bod, wato babban farantin da kayan cikinta suke kai, ya ƙone, amma faifan ajiyar lafiyarsa ƙalau. Na ciro shi na naɗe a hankici, burina in samu wata na'urar a saka shi, Windows ɗina ya tashi da CorelDRAW, manhajar da nake zane da ita, da fayilolin kwastomomi yadda na bar su. Masu ce min wai me ya kai ni, su sani ana yin haka. Windows 10 yakan tashi a wata kwamfutar, ya ɗan jima yana daidaita kansa da sabbin kayan, muddin tsarin BIOS, wato saitin da ke tada kwamfuta, bai saɓa ba, kuma ba a kulle faifan da makullin Windows mai suna BitLocker ba, wanda shi sai ka kawo lambobi 48 kafin ya buɗe. Nawa ba a kulle yake ba. Na san duk wannan tun kafin in hau tirotiro, motar haya, zuwa Circle.

Kuma ai laftof ɗin da yaron ya sayar min ta tashi da faifaina! Abin da ke hana ni barci ke nan. A gabana ya kwance sukurori, ya zare faifansa, ya zura nawa. Ɗigon nan suka yi ta zagaye a allo, ta mutu ta sake tashi, sai ga hoton 'yata da kayan sallah. Na buɗe katin walimar wata Hajiya da hannuna, komai na nan. Don Allah wa zai ga hoton 'yarsa a allo ya ce ana shirin cutarsa? Na duba maɓallan, na duba caji, na duba allon ko akwai tsagewa. Ban sayi kaya a rufe ba, na gani da idona.

Sai ya nuna min wani rubutu fari-fari a kusurwar dama ta ƙasa. Ya ce, “Malam, lasisin Windows bai biyo ba, sai na dawo maka da shi. 350 kawai za ka ƙara, don kai ne.” Da Hausa yake min magana, har ya ce kakarsa 'yar Sabon Zongo ce. Kafin nan na riga na tura kuɗin laftof ɗin, 3,200, ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, sunan mace ya fito, ya ce yayarsa ce mai shagon. 350 ɗin a hannu na ba shi. 3,200 da 350.

A Nima ne wani mai gyara ya buɗe laftof ɗin daga baya, ya riƙe baki. Tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, 320GB, har da tsatsa a jikin sukurorinsa. Ya ce lasisin Windows da bod yake ɗaure, ba da faifai ba, kuma tun Windows 8 kamfanoni a cikin bod suke binne lambar. In sabuwar na'urar tana da lasisin irin Windows ɗinka, da ta shiga intanet zai kama da kansa. In kuma sayen naka ka yi daban, kai ne za ka dawo da shi ta asusunka na Microsoft. Babu abin da ke buƙatar a bar wa wani kwamfuta. Wato 350 ɗin kuɗin iska na biya. Hatta sitikar jikinta ƙarya ce, an manna cewa ƙwaƙwalwarta i5 ce ƙarni na 8, ashe ƙarni na 6 ce, wadda Windows 11 bai yarda da ita ba, ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025.

Na manta ban faɗi yadda ya raba ni da wurin ba. Kiran Azahar aka yi, shi da bakinsa ya ce, “Malam, je ka yi salla, kafin ka dawo na gama.” Salla fa! Da salla ya yi min tarko. Da na dawo ta riga ta shiga jaka, wai batir ya yi ƙasa, in bari sai na isa gida in jona ta. A gida na kunna, ta yi ta ƙara kamar injin niƙa, daga ƙarshe ta buɗe da sunan wani mutum da ban taɓa ji ba. Ba hoton 'yata, ba CorelDRAW, ba katin Hajiya, kuma walimarta ta matso. Da wane ido zan kalle ta?

Na koma, babu teburin, babu shi. Maƙwabtansa da suka ga yana ce min Malam, kowa ya ce bai san shi ba. Lambarsa a kashe. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na miƙa lambar da ta karɓi 3,200 ɗin. Saƙon MoMo yana wayata, da hoton ruɓaɓɓen faifan da ya saka min, da hirarmu ta WhatsApp inda ya rantse ƙarni na 8 ce. Zan ɗora su duka da zarar an ce min ba zai ɓata bincike ba, kowa ya gani.

Kar ka bar faifanka a hannun kowa, ko salla za ka tafi ka zare abinka ka sa a aljihu. Kwafe aikinka kafin ka fita, ka kunna na'urar a wurin kafin ta shiga jaka. Wanda kuma aka kawo wa SSD 512GB mai katunan biki da Hausa a ciki, nawa ne, ya neme ni. Kuɗin ma su tafi, aikin mutane nake so a dawo min da shi.