Ƙwan LED T5 na dashbod: yana da amfani, amma ba kowane rami ake sa shi ba

Duk shagon kayan wutar mota da ka shiga a Ƙofar Ruwa ko Panteka za ka tarar da waɗannan ƙananan ƙwayayen LED da ake kira T5, galibi goma-goma a leda, yawancinsu ba su da sunan kamfani. Ana sa su ne a madadin ƙwan asali mai siririyar waya a ciki, wanda ke haska mitar gudu da ta mai da ɗan allon da ke nuna kilomita. Ga tsofaffin motoci irin su Golf 3 da Peugeot 406 kaya ne mai kyau, muddin an zaɓi nau'in da ya dace kuma an tabbatar ƙwan ne ya mutu. A nan mutane da yawa ke asarar kuɗinsu, domin da yawa daga cikin dashbod ɗin da ake kawo wa masu wayarin a duhu ba ƙwai ne matsalarsu ba.

Yadda duhun yake shi zai gaya maka inda ciwon yake. Idan gefe ɗaya ne ya yi duhu, ko allon kilomita kaɗai, alhali lambobin na fitowa in ka haska su da tocila, to ƙwai ne. Idan kuwa gaba ɗaya ne ya ɗauke lokaci guda, da wuya ƙwai huɗu ko biyar su mutu a dare ɗaya. Fara da ɗan makunnin nan na rage haske da ke kusa da sitiyari, don sau da yawa hannun mai wankin mota ne ya murza shi zuwa ƙasa. Daga nan kunna fitilar fakin ka zagaya baya. A motoci da dama fis ɗaya ke riƙe da danja da hasken dashbod, saboda haka in danjar ma ba ta kawo ba, fis ne. A Toyota za ka ga an rubuta TAIL ko PANEL a murfin akwatin fis. Mayar da mai lamba ɗaya da wanda ka cire. In ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ke taɓa jikin mota, kuma sau da yawa ana samunta a bayan rediyo, inda mai sa sabuwar rediyo ya yanke wayar haske ya bar ta tsirara. Naɗa waya a gurbin fis, kamar yadda wasu ke yi, hanya ce ta ƙona wayarin ɗin motar ɗungurungum.

Hasken da ke zuwa yana ɗaukewa idan an faɗa gargada ko an bubbuga dashbod, wannan dalma ce ta tsage a kan fanel (allon lantarkin da ke bayan mitoci), ko soket ya saki, ko wayar at (wadda ake ɗaurewa a jikin mota) ta yi tsatsa. Sabon ƙwai ba zai yi masa komai ba.

To, a ce an tabbatar ƙwai ne. Na asalin wat 1.2 ne a volt 12, yana jan kusan amp 0.1. LED ɗin yana jan ƙasa da haka sosai, kuma da wannan masu sayarwa ke tallarsa, wai yana rage wa batir nauyi. Ƙwai biyar na asali gaba ɗaya wat 6 ne, batirin mota bai ma san da zamansu ba. Amfanin LED na gaskiya shi ne ba ya gasa robar da ke kewaye da shi yadda tsohon ƙwai ke yi har ta yi ruwan ƙasa ta fara marmashewa, sannan mai kyau yana daɗewa.

Nau'i biyu ne a kasuwa, kuma bambancinsu babba ne. Akwai mai ido ɗaya a tsini, wanda ke harba haske gaba kawai. Wannan kada ka saya don mita. An tsara cikin dashbod ne domin ƙwan da ke watsa haske ko'ina, wata farar roba ta kwashe shi ta rarraba. Mai ido ɗaya zai ba ka tabo mai ƙyalli a wuri guda, lambobin gefe da allura su zauna a dushe. Nemi mai idanu uku ko fiye, wanda wasu ke kallon gefe. Ka kuma duba tsawonsa da na tsohon, domin wasu sun fi tsayi, sai kansu ya tokare roba soket ya ƙi murɗuwa.

Launi ma abin lura ne. Golf 3 kore take haskawa, kuma a motoci da yawa launin daga fentin bayan fuskar mita yake fitowa, ko daga 'yar hular roba da ke kan ƙwai. Farin LED mai ratsin shuɗi a bayan kore ko ja yana fitowa fari-fat, jan layin gargaɗi ya koma kamar ruwan hoda. Sayi LED mai launin da motar ta zo da shi.

Babban raunin waɗannan ƙwayayen LED yana cikin gindinsu. Masu arha 'yar resista (mai rage ƙarfin wuta) ɗaya ce a ciki, an auna ta da volt 12, alhali mota in tana aiki tana ba da tsakanin 13.8 da 14.4. Haɗa wannan da zafin motar da ta wuni a rana a watan Afrilu, sai ka ga ƙwan ya fara ƙyaftawa kafin ya mutu. Kuma yawancinsu ba sa bin makunnin rage haske yadda ya kamata: ko su tsaya da ƙarfinsu, ko su ɗauke farat ɗaya. Ga direban da ke tafiyar dare wannan ba ƙaramin abu ba ne, dashbod mai kashe ido yana rage masa ganin titi.

Akwai ramuka biyu da ba a sa LED ko kyauta aka ba ka. Na farko fitilar batir. A tsofaffin motoci da yawa, wutar da ke tayar da altaneta (na'urar da ke cajin batir) ta cikin wannan ƙwan take bi, kuma LED ba ya barin isasshiya ta wuce, sai motar ta ƙi caji har sai an taka totur sosai. Na biyu fitilar ƙarancin mai a wasu tsofaffin motocin Japan, wadda na'urarta da ke cikin tanki ta dogara da yawan wutar da ƙwan asali ke ja. In ka sa LED za ta zauna a kunne ko tanki a cike yake.

Wajen sawa, cire kan batir na nagetif tukuna, amma in rediyonka mai neman lambar sirri ce ka tabbatar kana da ita. Kwance sukurori, jawo dashbod (akwatin mitocin kaɗai) a hankali, zare soket ɗin wayoyinsa. Ƙwayayen suna bayansa, kwata ɗaya ake murɗa su su fito. Canza na hasken duka a lokaci guda. LED yana da fozitif da nagetif, don haka mayar da soket da kan batir, ka kunna fitilar fakin ka gwada kafin ka ɗaure komai. Wanda bai kawo ba, zare shi ka juya shi. Kada ka murɗa makulli alhali dashbod na zare, wasu motocin za su ajiye laifi su kunna fitilar jakar iska.

In ka juya dashbod ba ka ga soket ɗin ƙwai ko ɗaya ba, motarka na cikin na baya-bayan nan masu ƙananan LED da aka liƙa da dalma a kan fanel, da yawa girman 3528, wato milimita 3.5 da 2.8. T5 ba shi da wurin zama a nan. Aikin mai gyaran fanel ne, kuma sai an cire allurai, waɗanda in ba a yi wa mazauninsu alama ba mita za ta riƙa ƙarya. Gyaran ya fi sayen dashbod na gwanjo, domin a motoci da yawa kilomita a cikin dashbod ake ajiye ta, a wasu Golf 4 ma har na'urar gane makulli tana ciki, wani dashbod ɗin daban ba zai bar motar ta tashi ba sai an haɗa su da kwamfuta.