Alamar ƙarshe ko tsawo a gaba: wanne za ka bi wajen tura saƙo ta soket, wato ƙofar da manhajoji ke musayar bayanai ta cikinta?

TCP, ƙa'idar da ke kai bayanai tsakanin kwamfutoci, ba ya raba saƙonni, bayit (ƙaramin ma'aunin bayanai) kawai yake kwararowa, don haka kai za ka nuna inda kowanne ya ƙare.

Hanya ta farko, ka rufe saƙo da \r\n (alamar ƙarshen layi), kamar yadda SMTP, ƙa'idar tura imel, ke rufe kowane umarni. Tana da sauƙin karantawa, amma idan alamar ta faɗo cikin saƙon, sai ya yanke a tsakiya.

Ta biyu, ka fara tura tsawon saƙon a bayit 4, da struct.pack("!I", n) a Python, inda n shi ne tsawon. Wannan ta fi aminci, musamman ga hoto ko fayil. Sai dai ka ƙirga bayit bayan encode("utf-8"), ba haruffa ba: ƙ ɗaya bayit 2 ce. Kuma yi amfani da sendall, domin send kan tura wani ɓangare kawai.