Sharhi: Hanyar W&OD ta Bajiniya a kan takalmin taya

Ga mai takalmin taya irin mai layi ɗaya, hanyar W&OD (Washington and Old Dominion), ta masu keke da masu tafiya a ƙafa, da ke jihar Bajiniya ta Amurka ta cancanci a je ta, amma da sharaɗi guda: sai wanda ya iya birki.

Tsohon layin dogo ne. Jirgi ya daina bin sa a 1968, aka cire ƙarafan aka shimfiɗa kwalta, kilomita 72 daga Shirlington zuwa Purcellville. Faɗinta kusan mita 3, da layi a tsakiya. Ana riƙe dama, masu keke kuma sukan yi magana kafin su wuce ta hagu. Asabar da Lahadi cunkoso ya yi yawa a wajen Falls Church da Vienna, ba ka samun filin buɗe ƙafa, don haka na fi son tashi daga Leesburg zuwa yamma, inda inuwa ma ta fi yawa.

Kada a ruɗu da cewa hanyar jirgi ba ta da tudu. Daga Leesburg hawa ne a hankali har Clarke's Gap, wuri mafi tsayi a hanyar. A dawowa ne ake gane haka, domin gangarar doguwa ce, gudu yana ƙaruwa ba ka sani ba. Ga kuma titunan mota da ake tsallakawa, galibinsu da alamar tsayawa. Birkin dunduniya ba ya kamawa nan take kamar na keke. Fara taka shi tun da nisa, gwiwa a lanƙwashe, ƙafar birki a gaba. Masu jan ƙafa ɗaya a baya don rage gudu su sani tayar ce ke cinyewa ta gefe guda. A duba robar birkin kafin a fita, in ta kai layin da aka zana mata a canja.

Taya huɗu masu milimita 90, tauri 84A ko 85A, su suka fi dacewa a ganina. Masu 80 suna tafiya, sai dai tsakuwa ko ɗan reshe kan tsayar da su cak. Masu 110 sun fi gudu amma sun fi wuyar tsayarwa.

Abin da ke kayar da mutane a nan ƙanana ne: kwaltar da saiwar bishiya ta ɗaga, jiƙaƙƙen ganye a lokacin kaka, da baƙin ƙaron da ake like tsaga da shi, wanda kan yi laushi da zafin rana ya riƙe taya. A ratsa shi a karkace, ƙafa ɗaya gaba da ɗaya.

Bayan ruwan sama a haƙura, akwai santsi, kuma boris na tsatsa. A riƙe alanki a aljihu saboda kusoshin taya kan kwance. Hular kwano da makarin wuyan hannu dole ne, don da tafin hannu ake fara sauka.