Canjin tayar babur: a kai gareji ko a yi a gida?

Ɗan'uwa, ka ce tayarka ta baya ta suɗe, kuɗin aikin da aka yanka maka a gareji ya yi maka yawa, kana tambaya ko canzawa da kanka a gida zai fi sauƙi. Amsar tana wajen abu biyu: irin wilin da ke jikin babur ɗinka, da kuma yadda kake cin taya.

Kuɗin tayar kanta za ka biya shi ko a ina aka sa ta. Abin da gareji ke karɓa a kai ladan aiki ne, kuma aikin kashi biyu ne: kwance wili daga jikin babur da mayar da shi, sai cire tsohuwar taya daga rim da sa sabuwa. Ta baya ta fi cin lokaci saboda sarƙa da birki. Wasu kuma idan ka zo da tayar da ka saya a wani wuri sukan ƙara maka kuɗin aiki, domin ribarsu a cinikin tayar take. Ka tambayi wannan tun kafin ka saya.

A gida ba ka biyan kowa, amma sai ka mallaki kayan aiki: liba biyu ko uku, sifana daidai notin wilinka, abin kwance allurar bawul, famfo da geji, da abin ɗaga babur idan ba shi da jak ɗin tsakiya. Ka haɗa kuɗinsu, ka raba da ladan canjin taya guda. Abin da ya fito shi ne yawan tayoyin da za ka canza kafin kayan su mayar da kuɗinsu. Wanda ke kan babur safe da yamma zai kai wannan adadi da wuri. Wanda tayarsa ke yin shekaru kuwa, kayan za su yi tsatsa a lungu kafin su biya kansu.

Idan ƙaramin babur ne mai wilin sifok da tib a ciki, irin masu taya 2.75-17 ko 3.00-18, ni ina goyon bayan ka koya. Robar tana da laushi, liba ta isa, famfon hannu ma zai hura ta. Ga kuma wata riba da ba ta shiga lissafin kuɗi: ranar da ka yi faci a inda babu mai faci, hannunka ya riga ya san aikin. Asarar da sabon hannu ya fi yi ita ce tsinke tib da bakin liba wajen shigar da ƙarshen tayar, sai ya gama ya hura ya ji iska tana fita. Maganinsa a sa wa tib ɗin 'yar iska kaɗan kafin a cusa shi, a shafa ruwan sabulu a leɓen tayar, kuma a danna ɓangaren da ya riga ya shiga zuwa kwarin tsakiyar rim don ɗaya ɓangaren ya samu sassauci. Idan ka ji kana kokawa da liba da dukan ƙarfinka, to leɓen bai faɗa kwarin ba, ka tsaya ka gyara. Kada ka shafa baƙin mai ko giris, suna lalata roba kuma suna sa taya ta zame a kan rim.

Babban babur mai taya marar tib, irin 120/70 ZR17 a gaba da 180/55 ZR17 a baya, wannan wata magana ce daban. Leɓen tayar yana manne da rim sosai, sai da matsi na musamman ake ɓamɓare shi. Rim ɗin alminiyom ne, liba tana karce shi, kuma idan bakinsa ya lanƙwashe ko ya yi rauni iska za ta riƙa tsiyaya, alhali rim guda ya ninka ladan aikin sau da yawa. Bayan an sa sabuwa ana bukatar kwamfiresa don leɓen ya zauna, kuma kamfanonin taya irin su Dunlop suna gargaɗin kada ƙarfin iskar ya wuce 40 psi a geji wajen zaunar da shi. Sai daidaita nauyin wili da 'yan ƙarafan da ake mannawa a rim, wanda idan aka tsallake shi kan babur zai riƙa karkarwa a gudu, tayar kuma ta cinye ba daidai ba. Kayan wannan aiki suna da tsada, gareji kuwa yana da injin da ke gamawa cikin 'yan mintuna.

Ga mai irin wannan babur, hanyar da na fi so ita ce ta tsakiya: ka kwance wilin da kanka a gida, ka kai shi kaɗai a sa taya a daidaita, ka dawo ka ɗaura. Ladan yana raguwa sosai, haɗarin ɓata rim kuma ya koma hannun mai inji. Sai dai ɗaurawar ta zama amanarka. Ka mayar da kowane zobe inda ka same shi, ka duba boris tunda wili yana hannu, ka daidaita sarƙa da alamomin gefe biyu, ka ɗaure noti da ƙarfin da littafin babur ya faɗa, kuma idan birkin faifai ne ka matsa shi har ya yi tauri kafin ka hau.

Ko gida ko gareji, ka duba kibiyar da ke gefen taya ta fuskanci yadda wili ke juyawa, don ko ƙwararre yakan sa ta a baibai in yana sauri. Ka kuma karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen tayar, su ne ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2323 na nufin mako na 23 na shekarar 2023. Kamfanin taya na Michelin na ba da shawarar a sauke taya idan ta kai shekara 10 ko da zanenta bai suɗe ba, don haka mai arahar da ta daɗe a ajiye ba araha ba ce. Sabuwar taya kuma tana da santsi, ka bi kwana a hankali a tafiyar farko.

Ka turo lambar da ke gefen tayarka, da ko wilin na sifok ne, sai mu san a wane ɓangare kake.