Super Mario 64: Na DS Za a Saya ko Na Asali?

Wanda yake son buga wasan bidiyon Super Mario 64 a yau yana da hanyoyi uku a gabansa, kuma duk da kamannin suna, abin da zai samu a kowace hanya ya bambanta. Akwai na asali, wanda kamfanin Nintendo ya fitar a 1996 tare da na'urar Nintendo 64 ƙarƙashin jagorancin Shigeru Miyamoto. Akwai wanda aka sake ginawa a 2004 domin na'urar hannu ta Nintendo DS, mai suna Super Mario 64 DS. Sannan akwai na asalin da aka ɗora a kan Nintendo Switch. Ita Nintendo 64 kanta ba zan daɗe a kanta ba, domin tana buƙatar talabijin mai karɓar tsofaffin wayoyin hoto da sauti, da wutar lantarki wadda ba ta yankewa, ga shi kuma samun mai lafiya a Sakkwato ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai mai son ajiye ta don tarihi.

Idan yawan abin da ke cikin wasa ake dubawa, na DS ya yi wa na asali fintinkau. Taurarin da ake tarawa sun tashi daga 120 zuwa 150, kuma hanyar faɗan ƙarshe da Bowser, babban abokin gaban Mario, wadda a da take buɗewa da taurari 70, yanzu sai da 80. Mai wasa yana farawa ne da Yoshi, ba Mario ba, sai ya bi fadar Gimbiya Peach yana nemo makullai ya kuɓutar da Mario da Luigi da Wario, kuma kowannensu yana da aikin da ba mai iya yi sai shi: Wario yana fasa baƙaƙen tubala da ƙarfin damtse, Luigi yana ɓacewa ya ratsa shingen ƙarfe, Yoshi kuma yana haɗiye abokin gaba ya mayar da shi ƙwai. An ƙara ƙananan wasanni 36 da ake bugawa da alƙalamin taɓa fuskar na'urar, waɗanda ake buɗe yawancinsu ta hanyar kama zomaye a cikin fadar. Ga gidan da yara suke da yawa, abin da ya fi armashi shi ne mutum huɗu za su iya fafatawa da kaset ɗaya tak, muddin kowa yana riƙe da tasa na'urar.

Inda gizo ke saƙa shi ne sarrafa ɗan wasan. An gina wasan 1996 ne kacokan a kan sandar juyawa ta Nintendo 64, wadda take auna yadda babban yatsa ya danna ta: idan ka tura ta kaɗan Mario ya yi sanɗa, idan ka tura ta duka ya zura da gudu, kuma yana juyawa ta kowace fuska ba tare da tsayawa ba. Da wannan sanɗar ake wuce tsiron nan mai haƙora yana sharar barci ba tare da an tashe shi ba, kuma da juya sandar ake kama Bowser ta wutsiya a yi ta wulwula shi kafin a jefa shi kan bom. DS ba ta da wannan sanda. Abin da take da shi maɓalli ne mai siffar alamar tarawa, wanda ba ya sanin komai sai fuskoki 8, shi ya sa aka ware maɓallin Y domin gudu. A fili mai faɗi ba a jin bambancin sosai, amma a kan siririn katako ko a cikin agogon nan mai ƙafafu masu juyawa, mutum zai faɗi sau da yawa ba don rashin iyawarsa ba. Ana iya amfani da ta ƙasa daga cikin fuskoki biyun DS, wadda ake taɓawa, a maimakon sanda, sai dai yatsa ba ya jin tsakiya a kan gilashi, kuma kaɗan ne suke sabawa da hakan. Na'urar 3DS, wadda ta fito a 2011, tana karɓar kaset ɗin DS kuma tana da faifan juyawa mai daɗi a yatsa, amma kada mai saye ya ruɗu, domin wasan yana karanta shi ne a matsayin fuskoki 8 ɗin nan dai.

Saboda haka, wanda ya taɓa buga na asali kuma motsin Mario ne yake kewa, Switch ce tasa, ko da ƙaramar Switch Lite ce. Tsadarta ita ce matsala. Tarin Super Mario 3D All-Stars, mai ɗauke da wasan, da ya fito a Satumba 2020 an daina sayar da shi a ƙarshen Maris 2021, don haka sai na hannu, ɗaya hanyar kuma ita ce biyan kuɗin shekara na Nintendo Switch Online mai ƙarin Expansion Pack, tsarin da ake samun wasannin Nintendo 64 a cikinsa, wanda yake son kati mai biya a ƙasashen waje da kuma shiga intanet aƙalla sau ɗaya a mako. Wanda kuwa bai taɓa buga wasan ba, ko yaro zai saya wa, a ganina na DS ya fi dacewa, domin hannun da bai saba da sanda ba ba zai ji ya rasa komai ba. A lura cewa Switch ba ta karɓar kaset ɗin DS.

Duk waɗannan na'urori na DS da 3DS an daina ƙera su, don haka abin da za a tarar a wajen masu kayan gwanjo da masu gyaran waya na hannu ne, kuma dole a duba da kyau. DS Lite ta 2006 ta fi ta farko hasken fuska da riƙe caji, amma an san ta da tsagewa a mahaɗar da ake ninke ta, sai a buɗe a rufe a gani. A danna maɓallan L da R na kafaɗa, domin su ƙura take fara kashewa, kuma kowa ya san ƙurar hunturun garin nan. A kwance murfin baya a dubi batir. Idan ya kumbura a nemi ragi ko a haƙura, tunda zafin bazara da yake haura digiri 40 ba zai raga masa ba. Cajar da ta zo daga Amurka ta wuta mai ƙarfin volt 120 ce, tamu kuwa 230, saboda haka gara a sayi wayar caji ta USB, kuma a tuna cewa bakin cajar DS Lite daban yake da na DSi, wadda ta biyo bayanta, da 3DS.

Kaset ɗin ma akwai jabu da yawa. A gaban na Amurka an rubuta NTR-ASME-USA, na Turai kuma NTR-ASMP-EUR, kuma haruffa huɗun tsakiya su ne ya kamata su fara lambar da aka buga a bayansa. Kowanne daga cikinsu zai yi aiki a kan kowace DS, har da na Japan mai ASMJ, sai dai shi rubutunsa da Japananci ne. Kafin a miƙa kuɗi, a ce wa mai shago ya yi haƙuri, a ci tauraro ɗaya, a adana, a kashe na'urar a sake kunnawa, domin wajen adanawa ne jabun kaset ya fi bayyana kansa.